Yadda ake ziyartar Orcha, ƙaramin garin da ke bakin kogin Betwa a Indiya

Mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya, amma Indiyar da akasari suke gani ba ta wuce asibiti da masauki da kasuwa ba. Mai jinya zai yi wata guda a Delhi ko Gurgaon yana zirga-zirga tsakanin likita da kantin magani, ɗalibi zai share shekaru a Noida, su dawo gida suna cewa ƙasar hayaniya ce da hayaƙi. Gaskiyarsu ne game da inda suka zauna. Amma tafiyar ƙasa da awa 5 a jirgin ƙasa daga Delhi akwai garin da za ka ji ƙarar ruwa a kan duwatsu da asuba, ka shiga fadojin da suka haura shekara 400 ba wanda ke tura ka daga baya. Sunansa Orcha, a takardu da allunan hanya kuma Orchha za ka ga an rubuta.

A taswira garin yana cikin jihar Madhya Pradesh, amma manne yake da iyakar Uttar Pradesh, kuma ta arewa ake shigarsa, ta birnin Jhansi. Ƙidayar 2011 ta sami mutum dubu 11 da 'yan ɗaruruwa a cikinsa. Sarakunan Hindu na gidan Bundela ne suka mayar da shi gidan sarautarsu a farkon ƙarni na 16, suka yi ta gini, sannan a 1783 suka kwashe fadar zuwa Tikamgarh. Tafiyarsu ce ta sa garin bai girma ya haɗiye tsofaffin gine-ginensa ba. Ga yadda za ka shirya zuwa.

Mataki na 1: Takardu

Ɗan Najeriya yana neman biza ta ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja ko na Legas, ɗan Nijar kuma akwai ofishinsu a Yamai. Abin da ya fi kayar da matafiyanmu a filin jirgi shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, katin yalo ɗin nan. Indiya ba ta wasa da shi ga duk wanda ya taso daga ƙasashenmu. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma wanda ya sauka ba shi da shi ana iya killace shi har kwana 6. Ka riƙe na ainihi a hannu, hotonsa a waya ba ya wadatarwa. Tun 2014 kuma Indiya ta sa wa matafiyan wasu ƙasashe, har da Najeriya, sharaɗin ɗigon rigakafin shan inna, saboda haka ka tambayi ofishin jakadancin halin da ake ciki tun ranar da ka kai takardunka.

Idan kana Indiya da ma, da bizar karatu ko ta jinya mai wa'adin fiye da kwana 180, ka tabbata ka yi rajista da ofishin kula da baƙi da suke kira FRRO. Cikin kwana 14 da sauka ake yin ta. Kada ka bar Delhi wannan rajistar ba ta kammala ba. Ka buga kwafin fasfo da na biza guda biyu ko uku, ka raba su a jaka da aljihu.

Mataki na 2: Zaɓen lokaci

Daga Oktoba zuwa Maris ake zuwa. Afrilu da Mayu da Yuni zafi yana wuce digiri 40, kuma gine-ginen na dutse ne, suna riƙe zafin har dare. Damina tana sauka daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba. Garin yana yin kyau ƙwarai a lokacin, amma kogin yana cika ya rufe tsohuwar gada, wasu wuraren ba sa shiguwa.

A Disamba da Janairu sanyin dare yana da ƙarfi, kuma yawancin ƙananan masaukai ba su da abin ɗumama ɗaki, sai bargo. Hazo kuma yana rufe arewacin Indiya da safe har jiragen ƙasa su makara da awanni. A ganina Nuwamba da Fabrairu sun fi kowane lokaci daɗi. Sai dai ka duba kalanda: bikin Vivah Panchami, wanda ke faɗowa a Nuwamba ko Disamba, da na Ram Navami a Maris ko Afrilu, suna jawo dubban masu ziyarar addini, ɗaki ya yi wuya, hanya ta cushe. Mai neman natsuwa ya kauce musu.

Mataki na 3: Jirgin ƙasa zuwa Jhansi

A nan ne ake buƙatar kulawa, domin tikitin jirgin ƙasa a Indiya ba a sayensa ranar tafiya idan ana son kujera. Ana buɗe sayarwa kwana 60 kafin ranar, kuma jirage masu kyau suna cika da wuri.

Daga Delhi zuwa Jhansi kilomita 400 ne da ɗoriya. Jirage biyu na fi ba da shawara. Na farko Shatabdi mai zuwa Bhopal, yana tashi daga tashar New Delhi da ƙarfe 6 na safe, ya bi ta Agra da Gwalior, ya sauke ka Jhansi kafin 11. Na biyu Gatimaan, yana tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin bayan ƙarfe 8 kaɗan, ya isa wajen azahar, amma ba ya tafiya ranar Juma'a. Ka lura da tashar da ke rubuce a tikitinka, domin Delhi tashoshi da yawa gare ta kuma suna da nisa da juna. Sannan an sauya wa tashar Jhansi suna zuwa Virangana Lakshmibai Jhansi, don tunawa da sarauniyar da ta yaƙi Turawan Ingila a boren 1857. Idan kana nema a intanet, VGLJ ita ce lambar tashar.

Ana sayen tikiti a shafin IRCTC, kamfanin da ke sayar da tikitin jiragen ƙasan Indiya a intanet, amma baƙo yakan sha wuya wajen buɗe asusu da biyan kuɗi da katin bankin waje. Hanya mai sauƙi ita ce ka nemi mai masaukinka ko wani amintaccen ɗalibi ya saya maka da sunanka kamar yadda yake a fasfo. Ko kuma ka je tashar New Delhi da fasfonka, ka nemi ofishin da ake sayar wa baƙi tikiti. A bakin tashar za ka tarar da masu tare baƙo su ce ofishin ya rufe ko ya tashi, su nuna maka wani shago a gari. Kada ka saurare su. Ka shige ciki ka tambayi ma'aikaci mai kayan aiki.

Idan tikiti ya fito, duba haruffan da ke kansa. CNF na nufin kujerarka ta tabbata. WL na nufin kana layin jira, kuma da irin wannan ba a shiga waɗannan jiragen. Ajin CC ya wadatar, akwai sanyi da kujera mai kyau. Za a tambaye ka irin abincin da kake so a hanya, ka zaɓi veg, wato marar nama.

Mataki na 4: Abin da za ka ɗauka, da abin da za ka bari

Ka riƙe tsabar kuɗi. Mutanen Indiya da waya suke biyan komai yanzu, har kuɗin shayi, amma galibi tsarin yana buƙatar asusun bankin ƙasar, kuma na'urar cire kuɗi a ƙaramin gari ba abin dogaro ba ce. Ka canza a Delhi, ka nemi ƙananan takardu na rupi 100 da 50 da 20 da 10. Idan ɗan canji a gida ya ba ka rupi, ka duba da kyau: tsofaffin takardun 500 da 1000 an soke su tun 2016, takardar 2000 kuma an janye ta a 2023, mai shago ba zai karɓa ba.

Ka ɗauki takalmi mai riƙe ƙasa, da tocila, da maganin sauro, da darduma marar nauyi, da rigar sanyi in lokacin hunturu ne. Layin waya kuma ka saya tun a Delhi, Airtel ko Jio, da fasfo da biza.

Kilishi da dambun nama ka bar su a gida. Ina faɗin wannan da gaske. Saniya abar girmamawa ce a addinin Hindu, dokar Madhya Pradesh ta haramta yanka ta da safarar namanta, kuma an sha kai wa mutane hari a Indiya bisa zargin naman shanu kawai. Ba za ka samu damar yi wa taron jama'a bayanin cewa na rago ne ba. Haka nan shanun da ke yawo a titi, ka kewaye su, kada ka ɗaga musu hannu ko sanda.

Mataki na 5: Daga Jhansi zuwa masauki

Tsakanin tashar Jhansi da Orcha bai kai kilomita 20 ba. Kana fitowa masu keke napep, wanda suke kira oto, za su yanyame ka. Ku yi ciniki kafin ka hau, ku tsayar da kuɗin da kuma cewa har ƙofar masauki ne. Kitna? shi ne nawa ne. Bahut mehnga shi ne ya yi tsada. Wanda zai ce ya san wani otal da ya fi naka, kamasho yake nema, ka ce masa nahin chahiye, ba na so. Mai son arha kuma ya je tashar motar Jhansi ya hau tempo, keken haya na gamayya.

Kafin ka baro Delhi, ka kira masaukin ka tambaya ko suna karɓar baƙin ƙasar waje. Doka ta wajabta wa kowane otal cike wata takarda mai suna Form C a kan kowane baƙo, kuma wasu ƙananan masaukai ba su da rajistar yin haka, sai ka iso su ce babu ɗaki. Masaukan arha suna kusa da kasuwa, amma a can kiɗa da ƙararrawar wurin bauta suna farawa tun da sassafe. Na gefen kogi sun fi tsada, sun fi shiru. Akwai kuma Sheesh Mahal, wani sashe na fadar da hukumar yawon buɗe ido ta jihar ta mayar otal.

Kwana biyu za ka kama. Masu zuwa da safe su koma da yamma suna rasa abin da ya fi komai kyau a garin, wato kogin da asuba da kuma gab da magariba.

Mataki na 6: Salla da abinci

Alƙibla a Orcha yamma take, kusan daidai inda rana ke faɗuwa. Jikin Bahaushe ya saba da fuskantar gabas, saboda haka ka tabbatar da manhajar waya tun shigarka ɗaki. Agogon Indiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 4 da rabi. Musulmi ba su da yawa a Orcha. Ka tambayi mai masauki masjid kahan hai?, ina masallaci yake, amma Juma'a ta fi sauƙi a Jhansi inda masallatai suke da yawa. Yawancin Musulmin can Hanafawa ne, za ka ga suna jinkirta la'asar fiye da yadda muka saba. A wuraren tarihi da bakin ruwa kada ka shimfiɗa darduma kusa da wurin bautarsu. Ka koma ɗakinka, garin ƙarami ne, ko'ina ƙafa tana kaiwa.

Batun abinci da sauƙi. Yawancin gidajen abincin garin ba sa dafa nama sam, wannan kuwa ya raba ka da shakkar yanka. Ka nemi thali, faranti ne mai ɗauke da shinkafa da gurasar roti da miyar wake da suke kira dal da ganye iri biyu ko uku. Da safe akwai puri da miyar dankali. Akwai paneer, cukun madara da ake dafawa cikin miya, akwai lassi, kindirmo ne da aka kaɗa da sukari. A bakin kasuwa kuma ana sayar da alewar madara, kalakand da peda. Idan ba ka son yaji ka ce mirch kam. Kayan kanti suna da alama: koren ɗigo cikin koren murabba'i na nufin babu nama a ciki. In kuwa nama kake so, ka bari sai Jhansi, ka nemi gidan abincin Musulmi, domin a Indiya akwai yanka iri biyu, halal da jhatka, na biyun sara ɗaya ake yi wa dabbar. Ruwa kuma sai na gora mai hatimi.

Mataki na 7: Ranar farko, fadoji

Ka yi sammako. Fadar tana kan tsibiri, wata tsohuwar gadar dutse ce ke haɗa ta da gari. A bakin ƙofa za ka yanki tikiti ɗaya wanda ke shigar da kai manyan wuraren tarihin garin duka a wannan ranar, kuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Ka adana shi, za a sake tambaya.

Fara da Raja Mahal, tsohuwar fadar. Daga waje ba ta da ado, amma ka shiga ɗakunan ƙasa ka ɗaga kai. Rufin cike yake da zanen fenti na sarakuna da giwaye da farauta da labaran addininsu, launin yana nan bayan ɗaruruwan shekaru. Wasu ɗakunan a kulle suke, mai gadi ne ke buɗewa, ka ba shi ɗan abin shan shayi.

Daga nan ka haura Jahangir Mahal, wadda ita ce gwanar garin, kuma tarihinta yana da jini a ciki. A 1602 Yarima Salim, ɗan Sarki Akbar na daular Mughal, yana rikici da mahaifinsa, ya sa Bir Singh Deo na gidan Bundela ya tare babban wazirin Akbar, malami Abul Fazl, a hanya ya kashe shi. Da Salim ya hau gadon sarauta a 1605 da sunan Jahangir, sai ya saka wa Bir Singh da sarautar Orcha. Shi kuma ya gina wannan fadar da sunan ubangidansa. Mutanen gari za su ce maka dare ɗaya tak Jahangir ya kwana a ciki. Giwayen dutse biyu ne ke tsaron ƙofar gabas, kuma har yanzu ana ganin sauran shuɗin tayil a bango. A ciki akwai tsakar gida mai faɗi, benaye sun kewaye ta, ƙubbobi a sama. Idonka zai gane hannun maginan Musulunci a bakunan ƙofofi da ƙubbobin, ya gane na Rajput, wato jinsin sarakunan Hindu da gidan Bundela ya fito daga ciki, a barandu da rumfunan da ke kan rufi. Ka hau har sama, daga can ake ganin kogin da dajin da ragowar gine-ginen da suka warwatsu cikin gonaki. Matakalar ƙunci gare ta, wasu wuraren babu abin dafawa, saboda haka yaro ba a sakin hannunsa.

A ƙasan fadar akwai ɗan gidan Rai Praveen, mawaƙiyar fada, da lambunsa. Minti 20 ya isa.

Da hantsi ya yi zafi ka koma ka huta. Bayan la'asar ka gangara Kanchana Ghat, matakalar bakin ruwa, inda gine-ginen tunawa da sarakunan Orcha suke jere, guda 14 ake ƙirgawa. Chhatri suke kiransu. Babu gawa a ciki, domin Hindu ƙona mamaci suke yi. Na Bir Singh shi ne wanda ya fi kusa da ruwa, kuma siffarsa ta bambanta da sauran. Ka duba saman ginin da kyau, za ka ga ungulaye sun yi sheƙa. Ba ƙaramin abu ba ne ganinsu: daga shekarun 1990 fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen Indiya sun mutu saboda maganin diclofenac da ake yi wa shanu, suna cin mushen ƙodarsu ta lalace, har gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mu da ungulu ta ɓace mana daga mahauta da kasuwanni mun san zafin wannan rashi.

Kafin rana ta faɗi ka tsallaka gada zuwa ɗaya gaɓar. Daga can ake ganin gine-ginen duka a jere, inuwarsu kwance a ruwa. Tsohuwar gadar ƙasa-ƙasa take kuma siririya, ka bi gefe da lura, ka dawo da sauran haske.

Mataki na 8: Rana ta biyu, gari da kogi

Bayan sallar asuba ka sake komawa bakin ruwa. Lokacin ne mutanen gari ke wanka da wanki da addu'o'insu. Ka zauna daga gefe, kada ka ɗauki hoton mata masu wanka, kowa ma sai ka nemi izini. Kada kyan ruwan ya ja ka ka shiga iyo. Betwa kogi ne mai duwatsu da ramuka, kuma akwai madatsun ruwa a samansa, irin su Matatila, idan aka buɗe su ruwa yana ƙaruwa ba zato. Mai son shiga ruwa ya bi masu kwale-kwalen roba na hukumar yawon buɗe ido, ya sa rigar ceto.

A tsakiyar gari wurin bautar Ram Raja yake, shi ne zuciyar Orcha ga mutanenta. Labarin da suke bayarwa shi ne matar Sarki Madhukar Shah ta ɗauko gunkin Ram, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, daga birnin Ayodhya, ta ajiye shi a fadarta kafin a gama gina masa wuri, da aka zo ɗauka ya ƙi motsi. Sai fadar ta zama wurin bauta, kuma har yau a matsayin sarkin gari suke ɗaukarsa, 'yan sanda suna sara masa da bindiga kullum. Ba dole ba ne ka shiga, daga filin gabansa za ka ga komai na hada-hadar. Wanda zai shiga ya cire takalmi, ya bar bel da duk kayan fata a waje, kuma ba a ɗaukar hoto. Idan aka miƙo maka alewar da aka kai wa gunki, ko aka zo shafa maka jan gari a goshi, ka ɗora hannu a ƙirji ka ce nahin, shukriya da fara'a. Suna fahimta. Muhawarar addini kuma ba wurinta ba ne.

Ginin da aka yi domin gunkin, Chaturbhuj, yana nan kusa a kan tudun dutse, dogo ƙwarai, cikinsa fili fetal. Samari masu tocila za su yi tayin kai ka rufin ta wata matakala mai duhu da tsayi. Ku yi ciniki tun a ƙasa. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura. Wajen kilomita ɗaya daga gari kuma akwai wurin bautar Lakshmi Narayan a kan tudu, zanen bangonsa ya fi na ko'ina kyau, har da sojojin Ingila da igwoginsu. A wannan ɓangaren akwai kangon Sundar Mahal, wanda ake dangantawa da wani ɗan sarkin Orcha da aka ce ya musulunta ya ƙare rayuwarsa cikin ibada, Musulmin yankin suna girmama wurin.

Birai suna ko'ina. Kada ka riƙe leda ko ayaba a fili, kada ka zuba musu ido, in sun fizge abu ka bar musu.

Akwai abin da ya kamata baƙar fata ya sani tun kafin ya zo. Za a kalle ka sosai, yara za su bi ka, matasa za su nemi ɗaukar hoto da kai. Yawancinsu sha'awa ce, ba su saba ganin ɗan Afirka ba. Wani kuma zai jefo kalmar raini. Kada ka tanka, ka wuce. In hoton ya ishe ka, kana da ikon cewa a'a. 'Yar'uwa kuma, mayafinki da doguwar rigarki ba baƙin abu ba ne a can, matan yankin ma suna rufe kai, amma kada ki je kango ko ƙetaren kogi ke kaɗai, musamman da yamma. Lambar neman agajin gaggawa a duk Indiya 112 ce.

Mataki na 9: Komawa

Tikitin dawowa tare da na zuwa ake sayensa. Gatimaan yana barin Jhansi wajen ƙarfe 3 na rana, Shatabdi kuma da magariba, ya shiga Delhi gab da tsakar dare. Ka bar Orcha awa ɗaya da rabi kafin lokacin jirgi. Idan kana da sarari da safe, ganuwar Jhansi, wadda Bir Singh ɗin nan ya gina a 1613, tana cikin gari, ana iya zaga ta cikin awa biyu. Agra ma a kan wannan layin take, mai son ganin Taj Mahal ya yanki tikitinsa zuwa can ya kwana, ya tuna cewa ranar Juma'a a rufe yake ga masu yawon kallo. Idan jirgin samanka na komawa gida ko ganin likita yana jiranka a Delhi, ka bar tazarar kwana guda cur tsakaninsu da dawowarka, musamman a watannin hazo.